Rana Na Kanmu, Muna Zaune Cikin Duhu

A farkon watan Agusta na 2023, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, bisa takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba mana. A lokacin, wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da muke amfani da ita daga can take zuwa, saboda haka ba sai na tsaya kwatanta wa mai karatu yadda garuruwanmu suka koma ba. Gidan rediyon da nake aiki ya dogara ga janareta, man da muke da shi kuma na awanni ne ƙidayayyu. A ɗaya daga cikin waɗannan ranaku ina gabatar da shirin da masu sauraro ke bugo waya, gumi na zuba, wani dattijo ya kira. Bayan mun gaisa sai ya ce, “Ɗana, leƙa waje ka gaya mini abin da ka gani a sama.” Na ce, “Baba, rana ce mai ƙuna.” Ya ce, “To ita Abdou Moumouni ya ce mu kama tun kafin a haife ka, muka yi masa kunnen ƙashi.” Kafin in ba shi amsa kuɗin wayarsa suka ƙare.

Na ji kunya a ranar. Ni da na yi karatun aikin jarida, abin da na sani game da Abdou Moumouni bai wuce sunan jami'ar Yamai ba. Daga nan na shiga bincike, ga kuma abin da na samo.

An haifi Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa ranar 26 ga Yuni 1929. Ya yi lakkol a Damagaram da Yamai, daga nan aka tura shi makarantar William Ponty a Senegal, inda Faransa ke horar da ƴan mulkin mallakarta domin su zama malamai da akawuna da mataimakan likita. Iyakar da aka shata wa baƙin yaro a wancan zamani ke nan, amma shi ya tsallake ta. Ya wuce birnin Paris ya karanta kimiyyar lissafi da fiziya, a 1956 kuma ya ci jarabawar nan mai wuya da Faransawa ke kira agregasiyo, wadda da ita suke tace manyan malamansu. Shi ne ɗan Afirka na farko daga ƙasashen da Faransa ta mallaka da ya ci ta a fannin fiziya. A shekarun da ya yi a Paris yana cikin ƙungiyar ɗaliban Afirka ta FEANF, wadda ta yi ƙaurin suna wajen neman ƴancin kai.

Wanda ke riƙe da irin wannan takarda a 1956 zai iya zamansa a Faransa ya ci daɗinsa har ya tsufa. Shi kuwa ya dawo Dakar yana koyarwa. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 Gini ta ce a'a ga tayin Janar De Gaulle, Faransa ta fusata ta kwashe ma'aikatanta da malamanta, sai Abdou Moumouni ya shiga sahun matasan masana da suka tafi Konakiri domin kada azuzuwa su zauna babu malami. A nan gida ma Djibo Bakary da jam'iyyar Sawaba sun nemi a ce a'a, amma ba su yi nasara ba. Wanda ya san yadda siyasar Nijar ta kasance bayan wannan ƙuri'a zai gane cewa mai irin ra'ayinsa ba zai ji daɗin zama a Yamai ba a farkon shekarun 1960. Ya tafi Tarayyar Sobiyet ya ƙara ilimi kan makamashin rana, a 1964 ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a Bamako, lokacin mulkin Modibo Keita. A 1967 ya samu babban digirin dakta a Paris. Sai 1969 ya dawo gida ya karɓi ragamar ONERSOL, ofishin makamashin rana na ƙasa, ya riƙe shi har 1985.

A nan ne labarin ya fi kama ni. Yau idan aka ce sola, abin da ke zuwa mana a rai shi ne faranti mai shuɗi a kan rufi da batir a ɗaki. A zamaninsa wannan faranti tsadarsa ta fi ƙarfin talaka, kuma ba abin da za a iya ƙerawa a Yamai ba ne. Shi ya fi mai da hankali kan zafin rana kansa. A ɗauki akwati a shimfiɗa baƙin ƙarfe a ciki, a bi shi da bututu, a rufe da gilashi: rana ta dafa ruwan da ke cikin bututun, ruwan zafi ya hau tanki da kansa saboda ya fi na sanyi rashin nauyi, babu famfo babu waya. Da irin wannan dabara ONERSOL ya riƙa ƙera na'urar dafa ruwan wanka, da ta tace ruwa, da ta busar da amfanin gona, da murhu mai madubi da ke tattara hasken rana a gindin tukunya. Har injin da zafin rana ke juyawa domin jawo ruwa suka yi aiki a kansa. Hujjarsa a fili take: ƙasar da ba ta da teku, wadda kowace litar mai sai ta biyo dogon titi kafin ta iso, wadda kuma matanta ke cinye dazuzzuka da neman itacen girki alhali hamada na matsowa, ba ta da dalilin barin rana tana zuba a banza.

To me ya hana abin bunƙasa? A ganina dalilan sun haɗu ne. Na farko, a 1976 aka jawo layin wuta daga Najeriya zuwa Yamai, wutar madatsar ruwa ta Kainji mai araha, hankalin mahukunta ya kwanta. Na biyu, kuɗin yuraniyom da aka fara haƙa a Arlit a 1971 sun cika baitulmali na ɗan lokaci, da farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980 aka shiga tsuke bakin aljihu, kuma duk inda aka ce a tsuke, ɗakin bincike ne ke fara jin jiki. Ga shi man fetur ya yi arha a duniya a 1986, Turawan da ke ba da tallafin binciken rana suka juya baya. Akwai kuma wani dalili da ban cika jin masu yabonsa suna faɗa ba. Murhun rana yana son tsakar rana, a fili, mai girki na juya shi yana bin rana. Uwata kuwa tuwon dare take tuƙawa bayan la'asar, a inuwa, da wuta mai ƙarfi a ƙarƙashin tukunya. Ilimin fiziya ya yi daidai, amma madafa tana da nata hukuncin.

Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982, bayan masanin lissafi Boubakar Ba, ya kuma ci gaba da koyarwa har ƙarshen rayuwarsa. Amma tunaninsa kan ilimi ya riga wannan muƙami da nisa. Tun 1964 ya wallafa littafinsa L'Éducation en Afrique, inda ya nuna cewa makarantar da mai mulkin mallaka ya bari an gina ta ne domin samar masa da ƴan aiki, ya kuma nemi a koyar da yara da harsunan iyayensu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da ke koyarwa da Hausa a Damagaram, daga baya aka ƙara da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. Shekaru hamsin suka wuce ana kiran abin gwaji. A 2025 ne sabuwar dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, sai dai takarda daban, littafin lissafi na Hausa a hannun ɗan aji uku daban. Ya rasu ranar 7 ga Afrilu 1991, ƴan watanni kafin babban taron ƙasa, a 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.

Yayin da nake wannan karatu wani abu ya riƙa dawo mini: dattijon nan da waya ya kira ni. Garinsu babu wuta a ranar, amma waya na aljihunsa. Wannan ya kai ni ga wani injiniyan, Mo Ibrahim, Banube ɗan Sudan da aka haifa a 1946, ya yi karatu a Iskandariya ta Masar, ya yi dakta a Birmingham ta Ingila, ya yi aiki da British Telecom. A 1998, lokacin da manyan kamfanonin Turai ke ganin Afirka ba wurin zuba jari ba ce, ya kafa kamfanin da ya zama Celtel. A 2001 Celtel ya shigo Nijar. Bai ƙirƙiro wayar salula ba, abin da ya gane shi ne talaka ba zai iya biyan kuɗin wata ba amma zai iya kankare kati na ƴan daloli yau, gobe ma ya sake. A 2005 ya sayar da kamfanin ga MTC na Kuwait a kan dalar Amurka biliyan 3.4, sunan ya koma Zain, a 2010 ya koma Airtel. Wata mai bincike ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Ɗan kasuwar Maraɗi ya daina ɗora gero a mota yana tafiya da fatan Allah ya sa a dace, sai ya buga waya tukuna. Gidauniyar da Mo Ibrahim ya kafa a 2006 ita ce ta ba Mahamadou Issoufou kyautarta ta 2020, mai dala miliyan 5, kyautar da har yau in na ambace ta a shiri layukan waya ke cika da masu yabo da masu zagi.

Na sha jin matasa suna cewa ai ga bambancin ɗan kasuwa da ɗan boko nan, ɗaya ya cika aljihun kowa da waya, ɗaya ya bar tsatsa a bayan ofis. Ban yarda da wannan awo ba. Mo Ibrahim ya sayo kayan da wasu suka riga suka ƙera, da jarin masu hannun jari na waje, ya sayar da abin da ake biya nan take. Abdou Moumouni so ya yi a ƙera a nan, da hannun ƴan ƙasa, da kasafin gwamnatin da ke fama da fari a 1973 da 1984. Kuma eriyoyin salular nan da ke tsaye a ƙauyukanmu, da yawansu farantan rana ne ke ba su wuta.

An buɗe tashar wutar rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018. Ta Gorou Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, ta fara aiki a ƙarshen 2023, a tsakiyar takunkumin, ta kuwa rage wa babban birni raɗaɗi. Farantan da ke cikinsu, da waɗanda suka cika kasuwanninmu tun da farashinsu ya karye, duk daga waje ake shigo da su, akasari daga Sin. Mu ma a gidan rediyonmu mun haɗa kuɗi mun sa guda takwas a kan rufi.

Ranar 7 ga Afrilu ita ce ranar da ƙasa ta keɓe domin makamashi mai sabuntuwa, don tunawa da shi. Da ta zagayo na shirya shiri na awa guda a kansa, na yi ta sanarwa kwana uku ina roƙon dattijon nan ya sake kira, domin ina son in tambaye shi ko ya taɓa ganin mutumin ido da ido. Mutum goma sha ɗaya suka kira a ranar, babu shi a ciki.