Wa ke yanke shawara idan an kwantar da ɗan'uwanka a asibiti a Minna?

Mazauna Agege, Sabon Ibadan, Shagamu ko Fatakwal da ke da dangi a Jihar Neja sun san wannan kiran: waya da asuba, a ce an ba Baba gado a Minna. Kai kana nesa, abin da ke hannunka tura kuɗi ne da bugo waya, tambayarka kuma ɗaya ce: "Likita ya zo?" Tambayar ba laifi. Sai dai likita kan yi zagayensa ne ya wuce, ma'aikatan jinya, wato nas-nas, su ke tare da marar lafiya dare da rana.

A Minna, asibitocin gwamnati da aka fi kwantar da manya su ne Babban Asibitin Minna da Asibitin Ƙwararru na IBB da ke Chanchaga. Idan ciwon na buƙatar abin da babu a nan, akan tura mutum asibitin gwamnatin tarayya da ke Bida, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada. Ko'ina aka je, rabon aikin iri ɗaya ne. Likita ne ke faɗin cutar, ya rubuta magani, ya ce a yi tiyata ko a sallama. Nas ke ba da maganin, ta lura da yadda jiki ya karɓe shi, ta yanke ko abin da ta gani zai jira zagayen safe ko a taso likita yanzu. Nas ta gaskiya tana da lasisin Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979. Ba duk mai farar riga ba ne nas.

Da me take yanke wannan shawarar? Da awon da take yi tana rubutawa a fayil. Babban mutum da ke kwance yana hutawa, bugun zuciyarsa kan tsaya tsakanin 60 zuwa 100 a minti ɗaya, numfashi 12 zuwa 20, zafin jiki wajajen digiri 37, iskar oksijin a jini kashi 95 cikin 100 zuwa sama. Lamba ɗaya ba ta cika faɗin komai ba, inda lambobin suka dosa shi ne labarin. Mutumin da numfashinsa ke 18 da safe, 24 da la'asar, 30 bayan isha'i, jikinsa na ƙara tsanani ko da yana hira da 'yan dubiya. Idan aka haɗa da saukar awon jini, raguwar fitsari da ruɗewa, nas mai ido ba ta jiran gari ya waye. A Ingila har maki ake ba waɗannan alamomin tun 2012, jimillarsu ta nuna saurin da za a kira likita.

Nan ne mai jinya, wato ɗan'uwan da ke kwana a gefen gado, ke da amfani fiye da sayo magani da kawo abinci. Shi ya san Baba ba ya surutai haka a gida. Tsoho ya fara kiran sunan waɗanda suka rasu, ko barci ya yi masa nauyi ba a iya tashinsa, mu kan ce jiki ne ko tsufa. A gaya wa nas nan take. Ga mai ciwon suga, gumi da rawar jiki da ruɗewa na iya zama sugan ne ya faɗi ƙasa da 70, awon kuma bai wuce minti ɗaya ba. Haka idan ana ƙarin jini: mintuna 15 na farko ake fi sa ido, sanyi, ƙaiƙayi ko ciwon baya suka taso, a kira ta ta tsayar.

Akwai umarnin da dangi kan ɗauka tsanani ne kawai. An ce kada a ba shi komai ta baki kafin tiyata, sai tausayi ya sa a ɗura masa kunu a ɓoye. In an sa shi barci, kunun na iya dawowa ya faɗa huhu. Mai shanyewar ɓarin jiki ma ba a ba shi ko ruwa sai an gwada haɗiyarsa. Juya wanda ba ya iya motsi kusan duk awa biyu shi ke hana gyambon kwanciya. Kada kuma a taɓa maƙunnin ƙarin ruwa don ya yi sauri. Rubutu ko jiƙon da aka kawo daga gida, a faɗa kafin a ba shi. Ɓoyewar ta fi komai ɓata lissafi, musamman ga mai ciwon ƙoda ko hanta.

Shawara ta ƙarshe fa, ta wa ce? Idan marar lafiya baligi ne kuma yana cikin hayyacinsa, tasa ce, ba ta wanda ya turo kuɗi daga Legas ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a sanar da shi halin da yake ciki, hanyoyin magani da haɗarinsu, da 'yancinsa na ƙin amincewa, kuma ta hana asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa. Dangi kan shigo ne idan ba ya iya magana da kansa. In aljihu ya gaza har ana tunanin sa hannu a ɗauke shi, a fara zama da shugabar nas-nas ta ɗakin a ji wane magani ne ba a iya tsallakewa, wanne ke da madadi mai sauƙin kuɗi.

Gara iyali su tsayar da mutum ɗaya mai magana da ma'aikata, maimakon biyar kowa na bugowa da nasa umarnin. Idan ka kira shi, tambaye shi awon yau da na jiya, ko Baba ya ci abinci, ko ya yi fitsari, ko yana gane mutane, da abin da nas ta ce a lura da shi kafin safiya.