Labarin da Ba a Ce Masa Ƙurunƙus Ba

Kakata tana da doka guda a kan tatsuniya: idan ta fara, ba mai tashi sai ta ce ƙurunƙus. Ko barci ya kwashe rabinmu, ko sauro ya hana mu sakat, sai ta kai Gizo inda za ta kai shi. Takan ce labari bashi ne, wanda ya fara shi ya ci bashin masu saurare, kuma ba a kwana da bashin yara. A lokacin dariya muke yi mata. Sai da na girma, na sa wa raina rubuta wasan talabijin, sannan na gane cewa tarihin sana'ar da nake kwaɗayi cike yake da basussukan da ba a biya ba.

A Jabal Awliya aka haife ni, garin da ke bakin Farin Nilu, kimanin kilomita 44 kudu da Khartoum. Abin da aka san garin da shi biyu ne: kifi da madatsar ruwa, wadda mu muke kira hazzan. Turawan Ingila ne suka gina ta tsakanin 1933 da 1937 don tara wa Masar ruwa, kuma ba ta dawo hannun Sudan ba sai 1977. Mu Hausawa mun daɗe a ƙasar nan. Wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Wasu kuma hanyar Makka ce ta ajiye su, suka tsaya noman auduga a Jazira don neman guzuri, guzurin ya zama zama. Kakana yana cikin na biyun. Daga auduga ya koma su, ya yi gida kusa da hazzan, kuma a tsakar gidan nan na fara jin labari.

Labarin da ke zuwa ta iska kuwa daga Omdurman yake fitowa. A 1940 aka buɗe gidan rediyon Omdurman, don kai wa jama'a labarin yaƙin duniya na biyu. A ƙarshen 1962 talabijin ya biyo baya, da taimakon Jamus ta Yamma, abin da ya sa Sudan ta shiga sahun farko na ƙasashen Afirka masu gidan talabijin. Shekaru da dama tasha ɗaya ce tal. A unguwarmu gidaje kaɗan ke da akwatin, sai a fito da shi waje bayan isha'i, a shimfiɗa tabarmi, manya a kan gadon igiya, yara a ƙasa. Wasan da ake jira shi ne musalsal, wato abin da 'yan Kano suke kira shiri mai dogon zango, kuma galibi na Masar ne. Mai yanke mana labari na farko da na sani a duniya shi ne wutar lantarki. Ana tsakiyar rikici sai ɗif, a yi ta salati cikin duhu. Washegari wanda ya kwana a Kalakla ko Khartoum, inda wuta ba ta ɗauke ba, shi ne sarki a makaranta.

Da dish ya shigo, daga baya intanet, sai na gano irin wasan da raina yake so. Ba na soyayya ba ne. Na fi son na binciken kisa, da na aljanu, da na tafiya sararin samaniya, wato wasannin da ake ginawa a kan tambaya: wa ya aikata, mene ne a bayan ƙofar, za su koma gida kuwa? Irin waɗannan su ne yankewa ta fi yi wa illa. Wasan barkwanci ko an tsayar da shi yau, dariyar jiya tana nan. Wasan bincike kuwa idan aka tsayar da shi kafin amsa, duk daren da mai kallo ya ba shi ya tafi a banza. Da na bi tarihin yadda ake kashe su, sai na ga makasan uku ne.

Na farko kuɗi ne, kuma a Amurka ya fi ƙarfi. Can tasha talla take sayarwa, farashin talla kuma yana bin yawan masu kallo. A 1966 tashar NBC ta fara nuna Star Trek, labarin jirgin da ke yawo tsakanin taurari. Masu kallo ba su kai yadda ake so ba, aka fara raɗe-raɗin tsayar da shi. A 1968 masoyansa suka yi wa tashar ruwan wasiƙu, aka ƙara masa zango na uku, amma aka rage masa kuɗi, aka tura shi ƙarfe goma na daren Juma'a, lokacin da matasan da ke kallonsa ba sa gida. A 1969 aka rufe shi yana da kashi 79. Abin mamaki, sai bayan mutuwarsa ya yi suna, da ƙananan tashoshi suka riƙa maimaita shi, har aka yi masa fim a 1979. Firefly ma haka. A 2002 tashar Fox ta nuna shi ba bisa jeri ba, kashin da ya kamata ya buɗe labarin shi aka nuna a ƙarshe. An shirya kashi 14, aka nuna 11, aka tsayar. Cinikin faifansa ne ya sa aka yi fim ɗin Serenity a 2005 don a ɗaure bakin zaren. Darasin da na ɗauka shi ne, wasan da kuɗi ya kashe yana iya tashi, domin mai kuɗi ba gaba yake yi da labarin ba. Ranar da ya hango riba zai dawo da kansa.

Na biyu hukuma ce, kuma wannan mun fi Amurkawa saninta. Bayan juyin mulkin 30 ga Yuni 1989, dokar hana fitar dare da takurar gwamnati suka tsotse gidajen sinima na Khartoum da Omdurman har suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kalli Talking About Trees, fim ɗin Suhaib Gasmelbari na 2019, ya ga tsofaffin daraktoci huɗu, cikinsu har da Ibrahim Shaddad, suna share wata tsohuwar sinima a Omdurman, suna yawon neman izinin da bai fito ba. Talabijin bai mutu ba, amma ya koma bakin gwamnati, wasan gida kuma ya taƙaita galibi ga watan azumi. Sai muka jingina da na waje, nan ma siyasa ta biyo mu. Tun 2008, da tashar MBC ta nuna Noor da Larabcin Sham, wasannin Turkiyya suka mamaye gidajenmu. A farkon Maris na 2018, lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin Turkiyya da wasu ƙasashen Larabawa, tashar ta sauke su gaba ɗaya, har da waɗanda ake tsakiyar nunawa. Yayyena mata sun kwana da labari, suka wayi gari babu shi, a kan rigimar da ba su san tushenta ba.

Na zaci Kano ta tsira, domin daga can muke samun wasa da harshenmu. Da Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa a 2015, mu nan ta waya muke binsa, ana tura wa juna kashi-kashi. Ranar da Kakata ta fara ganinsa sai ta ce, "Ashe har yanzu haka ake magana a gida." Amma Kano ma tana da nata tarihin. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta jihar a 2001. A 2007 aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon wata shida. A Disamba 2019 hukumar ta ba da umarnin tsayar da Kwana Casa'in da Gidan Badamasi, tashar kuma ta ce hukumar tarayya ce ke da iko da ita. A Mayu 2025 aka dakatar da shirye-shirye 22 a lokaci guda, har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata, bisa dalilin cewa ba a kai su tacewa ba kafin a sake su. Ba na cewa kada a tace. Kowace al'umma tana da abin da ba ta so 'ya'yanta su gani. Abin da nake cewa shi ne, a wannan takaddama ana lissafa haƙƙin hukuma da asarar furodusa, amma ba a sa mai kallo a lissafi, alhali shi ne ya ba da bashin.

Na uku ban karanta shi a littafi ba. A 2022 na gama rubuta wasana na farko, kashi 30, ɗaya ga kowane dare na azumi. Labarin wani mai gadin hazzan ne da aka tsinci gawarsa a bakin ƙofofin ruwa. Masunta suka ce aljanun kogi ne, wani ɗan sanda Bahaushe ya ce hannun mutum ne. Na ɓoye amsar har kashi na ƙarshe, ina alfahari da hakan. Da azumin 2023 ya kama ban sami mai ɗauka ba, sai na mai da Kakata tashata. Kullum bayan an sha ruwa a kan titi an watse, nakan zauna gefen gadonta in karanta mata kashi ɗaya, ina juya mata Larabcin zuwa Hausa. A dare na ashirin ta katse ni.

"Maigida, gaya mini wanda ya kashe mutumin nan. Ni tsohuwa ce, ba na ajiye abu sai gobe."

"Haba amarya, sai daren talatin. Haka ake yi a talabijin."

"To Allah ya kai mu," in ji ta.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu, 24 ga azumi, na yi sammako zuwa Omdurman don ganin wani furodusa da ya ce in kawo rubutun. Kafin hantsi ya dubi ludayi harbi ya tashi tsakanin soja da dakarun RSF. Gidan rediyo da talabijin na cikin wuraren da aka fara faɗa a kansu, allon ya ɗauke, ginin ya faɗa hannun RSF, kuma soja ba su karɓe shi ba sai 12 ga Maris 2024. A cikinsa ne taskar muryoyi da hotunan ƙasar take, na shekaru fiye da tamanin. Tashar ƙasa ta koma watsa shiri daga Port Sudan. Ni kuwa kwana goma sha ɗaya na yi a ɗakin wani abokina kafin in sami hanyar gida. Idan waya ta shiga, maganar ruwa da magani ake yi, ba wanda ya tuna da mai gadi. Na tarar maganin sukarinta ya ƙare, jikinta ya rikice. Na durƙusa na faɗa mata sunan makashin a kunne, idonta a rufe. Ba ta kai Babbar Sallah ba. A Nuwamba RSF suka kama Jabal Awliya, muka bi hanyar kudu zuwa Kosti, kuma garin bai koma hannun soja ba sai ƙarshen Maris 2025.

Na daɗe ina zagin tashoshin da suka kashe wasannin da nake so. Yanzu na rage, domin ni ma na yanke wa mai kallona guda ɗaya labari, ba da kuɗi ba, ba da doka ba, sai da wayon marubuci. Wasa mai ɓoye amsa har shekara biyar an ƙirƙire shi ne a ƙasashen da mutum yake da tabbacin wuta, da tasha, da zaman lafiyar shekara biyar. Mu muka aro salon ba tare da tabbacin ba. Magabatanmu sun fi mu sanin ƙasar da suke ciki. Al-Fadil Sa'id, wanda ya yi shekaru yana sa Sudan dariya da tsohuwar nan Bit Guddaim, a zama ɗaya yake ƙulla labari ya kwance shi. Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, a Kaduna, kowane kashi da kansa yake tsaye. Wanda ya ga ɗaya ya tashi da abinsa cikakke.

Na san abin da furodusa zai ce: idan ba a rataye mai kallo ba, me zai dawo da shi gobe? Gaskiya ne, jan rai shi ne gishirin sana'ar. Amma Kakata ba ta taɓa barin tatsuniya a rataye ba, kuma ba daren da ba mu dawo ba. Gizo muke dawowa gani, ba amsa ba. Ra'ayina ga 'yan'uwana masu koyon rubutu, daga Omdurman har Kano, shi ne kada mu ci bashin da ya fi ƙarfin zango ɗaya. Tambayar da aka buɗe zango da ita a amsa ta kafin ya rufe. Kowane kashi ya biya wani abu, ko kaɗan ne. Idan an ba mu wani zangon, mutanen da muka gina sun isa su ja mai kallo. Idan mai kuɗi ya janye, ko takarda ta fito daga hukuma, ko abin da ya fi su ya faɗo, to mun fita haƙƙin wanda ya ba mu darensa.

Na sake rubuta labarin mai gadin. Daga kashi 30 ya koma 6, kuma a na uku ake sanin makashin. Sauran ukun a kan yadda gari yake zama da abin da ya sani ne, wanda na lura ya fi tambayar farko nauyi. Har yau ban sami mai ɗauka ba. Amma na karanta wa 'ya'yan yayata shi a Kosti, a dare biyu, da hasken waya, kuma da na kai ƙarshe ƙaramar cikinsu ce ta riga ni cewa ƙurunƙus.