Tagulla da Azurfa: Tarihin Tsabtace Ruwan Asibiti

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, bana na ga ya dace in taɓo tarihin ruwa. Mu mutanen kudancin Kano mun san ruwa, mun kuma san ma'adinai. Madatsar Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, tamu ce, haka nan kuzar Riruwai a ƙasar Doguwa. Sai dai ba kowa ya san ana kashe ƙwayoyin cutar ruwa da ma'adinai ba.

Tun zamanin da, mutanen Indiya suke ajiye ruwan sha a tulun tagulla don kada ya lalace. A 1893 ne binciken wani masani ɗan Suwizalan, Karl Nägeli, ya bayyana cewa ɗan abin da tagulla ko azurfa ke saki a ruwa ya isa ya hallaka ƙananan halittu.

Abin da ya farkar da likitoci ya auku a 1976 a birnin Filadelfiya ta Amurka. Tsofaffin sojoji suka yi taro a wani otal, sai ciwon huhu ya kama su, mutum kusan 30 suka rasu. A 1977 aka gano ƙwayar, daga baya aka sa mata suna Lijiyonela. Tana hayayyafa a ruwa mai ɗumi da ya kwanta cikin tanki da bututu, kuma shaƙar feshinsa ke kawo cutar. A 1985 ta kashe mutum fiye da 20 a wani asibiti a Stafford ta Ingila.

Daga shekarun 1990 asibitocin Amurka suka rungumi wata dabara: a sa sandunan tagulla da azurfa cikin bututu, a bi da su da lantarki kaɗan, su riƙa sakin ɓurɓushin da ke lalata jikin ƙwayar. Amma fa sai da tsayayyar wuta da awon ruwa a kai a kai.

A ganina darasin ya shafe mu. Tankin da ke shan rana a Kiru ko Tudun Wada, ɗuminsa shi ne abin da ƙwayar ke so, ga marar lafiya ba shi da ƙarfin jiki. Ko na'urar ta fi ƙarfinmu, wanke tanki da rufe shi bai gagare mu ba. Ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin wannan aiki a asibitocin garuruwanmu, domin rigakafi ya fi magani. Allah Ya sa mu dace, amin.