Allo a Gefen Gadon Jinya: Waiwaye Kan Karatun Yara Marasa Lafiya

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki, sun kuma ce ilimi gishirin zaman duniya. Sai dai ba kasafai muke tambayar kanmu abin da ke faruwa da yaron da neman ta farkon ya raba shi da na biyun ba. A unguwarmu ta Dogo Nini da ke Potiskum, kamar sauran unguwannin Arewa, mun saba ganin ɗalibin da ciwon sikila ko karaya ta kwantar a asibiti makonni, ya dawo ya tarar tsararsa sun yi nisa, ya maimaita aji ko ya bar makarantar ɗungurungum. Wannan maƙala za ta waiwayi yadda wasu ƙasashe suka tunkari matsalar, sannan ta nuna cewa ƙasar Hausa ma ta taɓa sanin makaranta a wurin jinya.

Yadda Abin Ya Faro a Turai

Cututtuka masu dogon jinya, musamman tarin fuka, su ne suka fara tilasta wa Turawa haɗa magani da karatu. A shekarar 1904 aka buɗe wata makaranta a cikin daji a Charlottenburg, kusa da Berlin ta ƙasar Jamus, domin yaran da ake fargabar tarin fuka zai kama su, inda suke ɗaukar darasi a sarari suna shan iska. A Faransa, wata malama mai suna Marie-Louise Imbert ta kafa ƙungiyar koyar da yara a asibitocin Paris a 1929. A Ingila kuwa, asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan, wanda aka buɗe tun 1852, sai a 1951 ya samu makarantarsa. Da tafiya ta yi tafiya, abin da ya fara a matsayin jinƙai ya zama haƙƙi: yarjejeniyar da ƙungiyoyin kula da yara majinyata suka amince da ita a birnin Leiden a 1988 ta ambaci ilimi, dokar ilimi ta Ingila ta 1996 kuma ta ɗora wa hukumomin yankuna alhakin koyar da yaron da rashin lafiya ya hana zuwa makaranta.

Makarantun Sansanonin Kuturta

A Arewacin Nijeriya cutar kuturta ce ta taka irin wannan rawa. A 1929 'yan mishan suka kafa sansanin masu wannan cuta a Garkiɗa. A ƙarshen shekarun 1930 kuma hukumomin En'e suka yarda mishan ta SIM ta gudanar da sansanonin Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, yayin da mishan ta SUM ta riƙe na Molai kusa da Maiduguri, hedikwatar Lardin Borno wanda Potiskum ke cikinsa a lokacin. Da yake maganin wancan zamani na ɗaukar shekaru, yara da samari kan girma a waɗannan wurare, don haka aka riƙa koya musu karatu da rubutun boko da lissafi da sana'o'in hannu. Wasu daga cikinsu sun warke sun zama malamai da ma'aikatan ɗakin shan magani.

Amma ba za mu ɓoye ɗaya gefen tarihin ba. Wannan karatu ya zo tare da wa'azin addinin Kirista, abin da ya jawo ƙorafin sarakuna da fargabar iyaye Musulmi. Darasin da ke nan shi ne, makarantar da ba ta samu amincewar iyaye ba, ba ta yin saiwa.

Dalilin Dusashewarta

Abin mamaki, ci gaban magani ne ya rage waɗannan ajujuwa. Da ƙwayar dapsone ta wadata a shekarun 1950, sai majinyata suka koma karɓar magani a ɗakunan shan magani na garuruwansu. A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe asibitocin mishan, sannan a farkon shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo tsarin haɗa magunguna da ya taƙaita jinyar ƙwarai. Yara suka koma gida, wanda alheri ne, amma tunanin ajiye malami a asibiti bai bi sauran majinyata ba. Asibiti ya zama na ma'aikatar lafiya, malami na ma'aikatar ilimi, yaron da ke kwance ya faɗa tsakani.

Ga shi kuwa dogon jinya bai ƙare ba. A Babbar Ruga ɗin nan Dokta Kees Waaldijk ya fara aikin yoyon fitsari a 1984, kuma da yawa daga cikin majinyatan 'yan mata ne masu ƙarancin shekaru. A 1999 aka buɗe asibiti a Sakkwato domin yara masu cutar da likitoci ke kira noma, wadda ke cin naman baki da fuska, wadda gyaranta kan bukaci tiyata fiye da ɗaya. Ga kuma masu sikila da ke shiga asibiti suna fita tsawon ƙuruciyarsu.

Kammalawa

Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Yobe, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta ce ilimin farko kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Ba ta ware mai ciwo ba. Abin da ake bukata ba babba ba ne: malami ɗaya ko biyu a ɗakin yara, da hanyar da makarantar yaro za ta riƙa aiko da darasinsa, da damar rubuta jarrabawa a kan gado. A Potiskum akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya, wadda ɗalibanta za su iya yin wani ɓangare na gwajin koyarwa a can. Mu ma al'ummar da ta ɗauki dubiya ibada ce. Idan za mu iya kai wa majinyaci kunu da ayaba, ba zai gagare mu kai masa littafi, mu zauna mu biya masa ba.