J Dilla: mutumin da ya koya wa na'ura ɗingishi

Jama'a, yau ba siyasa zan yi ba. Duk shekara idan watan Fabrairu ya kama, masu son gambarar zamani a duniya sukan tuna da wani bawan Allah da yawancinmu mun sha jin aikinsa amma ba mu san sunansa ba. Sunansa James Dewitt Yancey, an fi saninsa da Jay Dee, daga baya kuma J Dilla. An haife shi ranar 7 ga Fabrairu 1974 a birnin Detroit na Amurka, ya rasu ranar 10 ga Fabrairu 2006 a Los Angeles yana da shekara 32. Ku ɗan yi haƙuri da tsawon rubutun, akwai abin da nake so mu duba tare.

Dilla yana waƙa, amma ba a nan ya yi fice ba. Furodusa ne, wato mai haɗa kiɗan da mawaƙi ke hawa. Ya tashi a unguwar Conant Gardens, a gidan da kiɗa ya zama abinci: mahaifinsa makaɗin jazz ne, mahaifiyarsa Maureen Yancey, wadda ake kira Ma Dukes, mawaƙiya ce. Yana saurayi ya fara zuwa gidan wani makaɗi na unguwarsu mai suna Amp Fiddler, wanda ya nuna masa yadda ake aiki da na'urar MPC ta kamfanin Akai. Ita wannan na'ura, sai ka yanko ɗan guntun sauti daga tsohon faifan garmaho, ka zuba a ciki, ka riƙa danna maɓallai da yatsu kana jera sautukan har su zama sabon kiɗa. A makarantar sakandare ta Pershing ya haɗu da abokansa T3 da Baatin, suka kafa ƙungiyar Slum Village.

A 1994 Amp Fiddler ya haɗa shi da Q-Tip na ƙungiyar A Tribe Called Quest. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1995 ya yi wa The Pharcyde kiɗan waƙoƙin "Runnin'" da "Drop". A 1996 ya yi aiki a kan "Stakes Is High" ta De La Soul. Sannan shi da Q-Tip da Ali Shaheed Muhammad suka kafa gungun furodusoshi mai suna The Ummah, kalmar nan dai ta Larabci da muka sani da al'umma, domin su biyun Musulmi ne. To a nan gizo ke saƙar. Idan an fitar da waƙa, abin da ake rubutawa a bayan faifai shi ne "The Ummah". Mai saye kuwa Q-Tip ya sani, shi ne tauraro. Sai ya zamana yaron Detroit na kwana yana aiki a ɗakin ƙasa na gidansu, yabon kuma yana tafiya wajen sunan da aka riga aka sani.

To wai me ya yi da har ake ta maganarsa? Bari in yi bayani a sauƙaƙe. Na'urar kiɗa tana da wani tsari da ke gyara wa mutum bugu. Ko ka buga ganga ka ɗan makara ko ka ɗan yi gaggawa, za ta ja bugun ta ajiye shi daidai kan layi, kamar sojoji a fareti. Shi ya sa kiɗan na'ura yakan fito tsaf, amma a bushe. Dilla ya ƙi yarda da wannan. Sai ya sa wani bugun ya ɗan riga lokacinsa, wani ya ɗan yi jinkiri, wani kuma ya tsaya cak a kan layi, duk a cikin kiɗa ɗaya. Idan ka saurara sai ka ji kamar kiɗan yana ɗingishi, kamar zai faɗi, amma ba ya faɗuwa. Kuma ba kuskure ba ne, domin ɗingishin yana maimaita kansa daidai wa daida daga farko har ƙarshe. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da gwanin kalangu ya san abin da nake nufi: daɗin yana cikin ɗan jan nan da sakin nan da hannu ke yi, wanda ba a iya rubuta shi a takarda.

Abin mamakin shi ne yadda abin ya juya. Da can injiniyoyi ne ke ƙoƙarin sa na'ura ta kwaikwayi mutum. Bayan Dilla sai ga ƙwararrun makaɗa suna zama suna koyon kwaikwayon na'urarsa. Questlove, mai gangar ƙungiyar The Roots, ya sha faɗa a bainar jama'a cewa jin kiɗan Dilla ne ya sauya masa salon bugu gaba ɗaya. A ƙarshen shekarun 1990 su Questlove da D'Angelo da James Poyser da Dilla suka tare a situdiyon Electric Lady da ke New York, aka riƙa kiransu Soulquarians. A shekarar 2000 kaɗai aka samu kundin Voodoo na D'Angelo, wanda salon bugun Dilla ya ratsa shi, da Mama's Gun na Erykah Badu mai ɗauke da "Didn't Cha Know" da Dilla ya haɗa, da Like Water for Chocolate na Common mai ɗauke da "The Light". Mu 'yan Najeriya ma muna da ɗan rabo a wannan kundi na Common, domin waƙar farko a cikinsa ta girmama Fela Kuti ce, kuma ɗansa Femi Kuti yana ciki. A shekarar ce kuma kundin Slum Village mai suna Fantastic, Vol. 2 ya fito, bayan ya sha jinkiri a hannun kamfanonin waƙa.

Sai jarrabawa ta zo. A farkon shekarun 2000 aka gano yana da wata cutar jini da ba kasafai ake samunta ba, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da TTP, ga kuma lupus, cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita. Ya koma Los Angeles da zama, ya yi ta shiga asibiti yana fita, mahaifiyarsa ta baro Detroit ta zo tana jinyarsa. A ƙarshen 2005 ya zagaya Turai yana wasa a kan keken guragu. Cikin wannan hali aka kammala kundin Donuts, guntayen kiɗa 31 da babu mawaƙi a kansu, sai muryoyin da ya yanko daga tsofaffin faya-fayai. Kamfanin Stones Throw ya fitar da shi ranar 7 ga Fabrairu 2006, ranar da ya cika shekara 32. Bayan kwana 3 ya cika.

Bayan rasuwarsa ne duniya ta farka. A 2009 wani makaɗi mai suna Miguel Atwood-Ferguson ya tara makaɗa 60 a Los Angeles suka buga kiɗan Dilla da goge da sarewa da ƙahoni, aka sa wa aikin suna Suite for Ma Dukes. Na'urarsa MPC3000 yanzu tana ajiye a gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka na Smithsonian da ke Washington. A 2022 Dan Charnas ya wallafa littafi guda sukutum a kansa mai suna Dilla Time. Masu jazz irin su Robert Glasper suna buga kiɗansa a dandali. Kai, hatta wannan kiɗa mai sanyi da ɗalibai ke kunnawa a YouTube suna karatu, wanda ake kira lo-fi, jikan salonsa ne, ko da yake yawanci sun ɗauki ɗingishin sun bar zurfin.

Amma ga ɓangaren da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutumin da ya yi duk wannan bai bar duniya yana attajiri ba. Ya rasu ya bar bashin haraji da na asibiti, ya bar 'ya'ya mata biyu ƙanana, aka kuma kwashe shekaru ana taƙaddama a kan gadonsa da ikon amfani da sunansa, alhali ana ta buga riguna da hotonsa ana shirya bukukuwan tunawa da shi. Yabon ya zo, amma ya zo lokacin da mai shi ba ya nan.

Shi ya sa na ce akwai abin dubawa. Mu ma nan haka muke. Waƙa za ta fito ta karaɗe gari, a gidan biki ita, a Keke Napep ita, a TikTok ita. Kowa ya san mawaƙin. Amma tambayi mutum goma wa ya haɗa kiɗan, da wuya biyu su amsa. Sau da yawa yaro ne a wani ɗan ɗaki da kwamfuta ɗaya da janareta, an ba shi ɗan abin da aka ba shi rana ɗaya, shi ke nan, babu sunansa a jikin waƙar, babu takardar yarjejeniya, babu kasonsa idan ta yi kasuwa. Ko a zamanin manyan mawaƙanmu na gargajiya, mutum nawa ne za su iya lissafo sunayen makaɗan da ke bayansu?

Ga roƙona. Idan ba ka taɓa jin Dilla ba, nemi "Runnin'" ko "The Light", ka sa abin kunne, ka manta da mawaƙin na minti ɗaya, ka bi gangar kawai. Mawaƙanmu kuma da ke cikin abokaina a nan, don Allah idan za ku saki waƙa ku rubuta sunan wanda ya haɗa kiɗan, ku kuma yi yarjejeniya da shi a rubuce tun kafin ta fita.

Wane furodusa ne a nan gida kuke ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba? Ku ambaci sunansa a ƙasa, mu san shi tun yana raye.