Fagge da Sabon Gari: Masaukin Baƙin Kano da Matsayinsu a Harkar Yawon Buɗe Ido

Gabatarwa

Idan ana maganar yawon buɗe ido a Jihar Kano, abin da ke fara zuwa zukatan jama'a shi ne Dutsen Dala, Gidan Makama, Kasuwar Kurmi, marinar Ƙofar Mata da kuma hawan Sallah. Waɗannan duka na cikin Birni ne. Amma baƙon da ya zo ganinsu, galibi a Waje yake sauka daga jirgi ko mota, a nan yake canjin kuɗi, ya ci abinci, ya yi sayayya, ya kuma kwana. Zuciyar Waje kuwa ita ce Fagge da Sabon Gari.

Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana lissafa duk wanda ya bar inda ya saba zama na ƙasa da shekara guda, domin shaƙatawa ko kasuwanci ko ibada ko ziyarar dangi, a cikin masu yawon buɗe ido. Bisa wannan ma'auni, mafi yawan baƙin Kano fatake ne da maniyyata da masu zumunci, kuma a waɗannan unguwanni biyu ake karɓarsu. Saboda haka duk wani shiri na bunƙasa wannan harka a jihar ya dogara ne a kan tsaro da tsabta da martabar wannan yanki.

Wuri da Yawan Jama'a

Fagge tana bayan badala ta ɓangaren arewa maso gabashin Birni, daura da Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai da Ƙofar Mazugal. Sabon Gari na maƙwabtaka da ita ta gabas. Dukkansu suna cikin Ƙaramar Hukumar Fagge, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, mai faɗin murabba'in kilomita 21. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna mutum 198,828 ke zaune a cikinta, sai dai masu shigowa da rana domin kasuwa suna ƙara wannan adadi ƙwarai.

Taƙaitaccen Tarihi

Masana tarihi suna danganta kafuwar Fagge da zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi. Fage ne a bakin gari inda ayarin Buzaye da Azbinawa ke yada zango da raƙumansu, su sauke gishirin Bilma da dabino, su sayi hatsi da tufafi su koma. Sannu a hankali zango ya zama unguwa, kuma saukar baƙi ta zama sana'ar mutanenta.

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Tare da shi ne ma'aikatan reluwe, akawu, masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa suka zo daga kudancin Nijeriya da Saliyo da Gwalkwas, wato Gana ta yanzu. A 1913 aka yanka musu Sabon Gari. Har yanzu sunayen titunan unguwar suna nuna asalin mazaunanta: Yoruba Road, Igbo Road, Abeokuta, Warri, Enugu, Aba, Freetown da Gold Coast. Titin France Road kuwa ba ƙasar Faransa ake nufi da shi ba. Sunan wani Mista France ne da ya shugabanci Sabon Gari a zamanin Turawa. Kwarori, wato mutanen Lebanon da Siriya, su kuma suka kafa kantunansu a Fagge ta Kudu, inda sunan Kantin Kwari ya samo asali.

A ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen saman sojan Ingila guda 3 da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, saukar jirgin sama ta farko a Nijeriya. A 1936 aka fara jigilar kasuwanci a filin jirgin da yanzu ake kira Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano, wanda shi ne mafi daɗewa a ƙasar. A shekarun da jirage ba sa iya dogon zango, Kano ta kasance wurin shan mai tsakanin Turai da kudancin Afirka.

Tattalin Arziki

Kasuwanni uku ne ginshiƙin zuwan baƙi wannan yanki. Kantin Kwari na daga cikin manyan kasuwannin yadi da atamfa da shadda a Afirka ta Yamma, kuma masu sari suna zuwa mata daga jihohin Arewa da Nijar da Chadi da Kamaru. Kasuwar Singa ta shahara da kayan masarufi na sari. Kasuwar Sabon Gari, wadda aka sa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan jihar daga 1979 zuwa 1983, tana da kusan duk abin da mai saye ke nema.

Kuɗin da baƙo ya shigo da su ba a shago kaɗai suke tsayawa ba. Ɗan dako yana samu, haka mai a-daidaita-sahu, da mai shayi, da mai abinci, da dillali, da mai otal, da ɗan kamasho a tasha. Tsohon tsarin fatoma, wato maigidan da ke saukar da falke, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya kuma tsaya masa idan bashi ya shiga, bai ɓace ba. Kamanninsa ne kawai suka sauya.

Aikin Hajji ma ya bar tambarinsa a Fagge. A da, maniyyata kan bi ta Borno da Chadi da Sudan a ƙafa ko a kan dabbobi, tafiyar da kan ɗauki shekaru. A 1948 wasu attajiran Kano, ciki har da Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa kamfanin jigilar alhazai na Afirka ta Yamma. Haruffan farko na sunan kamfanin a Turance su ne suka ba da kalmar Wapa, sunan da kasuwar 'yan canji ta Fagge ke amsawa har yau.

Sai dai arzikin da ya dogara da matafiya yana da saurin girgiza. Kamfanin jiragen KLM, wanda ya fara sauka a Kano a 1947, ya daina a 2012. Rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kullen annobar korona a 2020, da hana alhazan ƙasashen waje zuwa Hajji a 2020 da 2021, da kuma rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, duk sun taɓa ciniki a Kwari da Wapa kai tsaye.

Zamantakewa

Sabon Gari unguwa ce da ta tara ƙabilu da addinai daban-daban. Akwai majami'u da masallatai, da makarantun mishan, da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, da iyalan da suka haifi 'ya'ya da jikoki a nan, Hausa a bakinsu kamar ta kowane Bakano. A wani gida a Sabon Gari ne aka kafa jam'iyyar NEPU a ranar 8 ga Agusta, 1950. A nan kuma aka buɗe gidan silima na Rex a 1937, daga baya aka gina Plaza a Fagge. Bisa al'ada, ranar Hawan Nassarawa Sarki kan ratsa Sabon Gari da Fagge, mazauna su fito su yi gaisuwa.

Tarihin yankin bai rasa ranakun baƙin ciki ba, kuma ɓoye su ba zai amfani kowa ba. Rikicin watan Mayu na 1953 ya auku ne a tsakanin Fagge da Sabon Gari, inda aka rasa aƙalla rayuka 36. An sake samun tarzoma a 1966 da 1991 da 2004. Hare-haren 20 ga Janairu, 2012 a cikin Kano, da bam ɗin da ya tashi a tashar manyan motoci ta New Road ranar 18 ga Maris, 2013, sun sa baƙi da dama suka ƙaurace na wani lokaci. Darasin a bayyane yake: duk ranar da hankali ya tashi, kasuwa ce ke fara rufewa, kuma asarar ba ta tambayar ƙabilar mai shago. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Muhalli

Cunkoson baƙi da kaya yana da nauyi a kan muhalli. Rafin Jakara, wanda ya taso daga cikin Birni ya ratsa ta wannan yanki zuwa madatsar ruwa ta Wasai, yana kwasar ruwan kwatami da na mahauta, sannan ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dattin masana'antun Bompai. Da wannan ruwa ne wasu masu lambu ke ban-ruwan kayan miya da ke dawowa kasuwa. Cike kududdufai domin gine-gine, da toshe magudanai da ledoji, da gina shaguna a kan hanyar ruwa, sun sa ambaliya ta zama barazana a kowace damina, kamar yadda ta faru a Kantin Kwari a watan Agusta na 2022.

Gobara ita ce barazana ta biyu. A ranar 26 ga Maris, 2016 wuta ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari. Cushewar rumfuna a kan hanyar motar kashe gobara, da haɗa wayoyin lantarki barkatai, da ajiye man janareto a shago, su ne abubuwan da ya wajaba shugabannin kasuwa su sa wa ido. Hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, ba za ta iya aikin ita kaɗai ba sai da haɗin kan 'yan kasuwa da mazauna.

Akwai kuma kayan tarihi da ke salwanta. An sanya ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa amincewar UNESCO a 2007, amma zaizaya da gine-gine sun ci wani sashe mai yawa nata. Tsofaffin kantunan Kwarori da gidajen farko na Sabon Gari suna ta komawa benayen shaguna. Abin da aka rushe ba ya dawowa, kuma shi ne abin da mai yawon buɗe ido ke biyan kuɗi ya gani.

Adabi

Rubuce-rubucen matafiya ne suka fara kai sunan Kano nesa. Hugh Clapperton ya zo a 1824, ya bayyana tsarin kasuwa da fadamar da ta raba gari. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin sun kai 30,000, adadin da ya ce kan ninka a lokacin rani idan fatake suka shigo, ya kuma nuna cewa tufafin Kano na kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Wannan shaida ce cewa tun a wancan zamani rabin jama'ar garin a lokacin ciniki baƙi ne. Wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu ya bi Barth zuwa Turai, kuma labarin tafiyarsa ya fito cikin littafin Magana Hausa na J. F. Schön a 1885.

A adabin Hausa na boko ma tafiya ce jigon littattafan farko. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, duka a kan tafiya aka gina su. Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilimi bayan ziyararsa Ingila a 1943, Malam Aminu Kano kuma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Ga mai son tarihin garin daga bakin ɗan gari, akwai Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji. Daga shekarun 1980, masu sayar da littattafai a Kasuwar Sabon Gari sun taka rawa wajen yaɗa ƙagaggun labaran da ake kira adabin kasuwar Kano: fatake su saya, su tafi da su Katsina da Maraɗi da Damagaram tare da sauran kayansu. Ta irin wannan hanya ce finafinan Hausa suka bazu daga baya.

Shawara ga Baƙi

Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai dai hazo kan jinkirta tashi da saukar jirage. Zafi yana tsananta daga Maris zuwa Mayu, ruwan sama kuma ya fi yawa a Agusta. Jihar Kano tana aiki da Shari'ar Musulunci tun 2000, don haka ana son baƙo ya yi shiga ta kamala, ya kuma nemi izini kafin ɗaukar hoton mutane ko wuraren ibada. A yi canjin kuɗi a wurin masu lasisi, a kuma shiga mota a tasha. Hawan Sallah na Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a Disamba 2024, amma an dakatar da shi a 2020 saboda annoba, haka kuma a 2025 bisa dalilan tsaro. Saboda haka mai niyyar zuwa kallo ya tabbatar da sanarwar hukuma kafin ya taso.

Kammalawa

Fiye da shekara 500 ke nan Fagge tana saukar baƙi, Sabon Gari kuma ta haura 100. Kirarin Kano, tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka, ya tabbata ne saboda garin ya iya karɓar mai zuwa da abin da ya zo da shi. Kiyaye wannan gado yana buƙatar magudanai masu gudana, kasuwannin da motar kashe gobara za ta iya shiga, adana tsofaffin gine-gine, da kuma girmama juna tsakanin mazauna. Alhakin haka yana kan gwamnati da masarauta da 'yan kasuwa da kowane mai gida, domin kuwa Hausawa sun ce baƙonka annabinka.