Majalisar da Ba Ta da Ƙasa: Tarihin Mulkin Kai na Al'ummar Deori

Manufar wannan takarda ita ce a nuna yadda warwatsuwar al'ummar Deori ta Jihar Asam, a arewa maso gabashin Indiya, ta ƙayyade irin mulkin kan da suka samu.

Asalin Deori limaman gargajiya ne na daular Chutiya, wadda hedkwatarta take Sadiya. Su ne masu kula da wuraren bauta, musamman ɗakin Tamreswari mai rufin tagulla. Ko da Ahom suka ci daular wajen 1524, ba su raba su da wannan aiki ba. Saboda haka jagoranci a ƙauyen Deori a hannun limamai ya zauna, watau Bor Deori da Saru Deori da mataimakansu, tare da dattawan gari. To amma yaƙe-yaƙen ƙarshen ƙarni na 18 da hare-haren Bama na 1817 zuwa 1826 suka tashe su daga Sadiya, suka bazu a gaɓar Kogin Brahmaputra, ƙauye nan ƙauye can. Har ma cikin zuriyarsu uku da suka saura, Dibongiya kaɗai ke riƙe da harshen.

Abin lura shi ne, ɗan wannan ƙaramar ƙabila, Bhimbor Deori, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ƙabilun filin Asam a 1933. Duk da haka, Jadawali na Shida na tsarin mulkin Indiya na 1950 mazauna duwatsu ya bai wa majalisu masu ikon yin doka kan ƙasa, ya bar mazauna fili.

Sai a 2005 gwamnatin Asam ta kafa wa Deori majalisa mai hedkwata a Narayanpur, shekara goma bayan ta Mising da Rabha da Tiwa. A nan ne tarihi ya yi halinsa. Mutanen da ba su kai dubu 50 ba a jihar, kuma suke cakuɗe da wasu ƙabilu a gundumomi da dama, ba yadda za a shata musu yanki guda. Ƙauyuka aka tsinto aka haɗa mata. Dokar jiha ce ta haife ta, ba tsarin mulki ba. Daga baitulmalin jiha take samun kuɗi, kuma majalisar dokokin jiha na iya gyara ikonta. A ganina, ta fi kusa da hukumar raya karkara. Shi ya sa ƙungiyoyin Deori suka ci gaba da neman a shigar da ita Jadawali na Shida, kamar yadda aka yi wa Bodo a 2003.